Yadda Ake Zaɓar Famfon Kwarfe Ruwa da Batirin Ko-ta-kwana a Ƙaramin Jirgi

Ba sai iska ta taso a tsakiyar Bahar Maliya ƙaramin jirgi yake nutsewa ba. Sau da yawa yana ɗaure a bakin gaɓa, mai shi na barci a gida, ruwa ke taruwa a kwarinsa a hankali, ko ta toshiyar baya, wato marufin ramin zubar da ruwa, da ta saki, ko ta tsagar jiki, ko ruwan sama kawai. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Buɗaɗɗen jirgi mai tsawon mita 7 bakinsa ya kai murabba'in mita 10, saboda haka ruwan milimita 40 a dare ɗaya, wanda ba baƙo ba ne a Sinnar da Damazin na ƙasar Sudan cikin damina, zai zuba masa lita 400. Kilo 400 ke nan, kuma a baya zai taru, inda nauyin inji ya riga ya danne.

Wannan bayani na masunta ne da masu fito, na Kosti da Jabal Awliya da Mai Wurno da Rusairis, da 'yan'uwa na Bur Sudan da Sawakin, masu jirgin faiba ko na ƙarfe ko na katako mai tsawon mita 4 zuwa 10. Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun farko shi ne famfo ba ya aiki shi kaɗai. Tiyo da waya da batir su ke yanke yawan ruwan da zai fitar, ba lambar da aka buga a kwalinsa ba.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Famfo biyu na folt 12 masu zama cikin ruwa, ƙarami da babba. A shagunanmu na nan turumbar jirgi za ka tambaya.

Makunnin da ruwa ke ɗagawa ya tayar da famfo da kansa, wanda ake kira awwama, ɗaya ga kowane famfo, sai fa in famfon ya zo da nasa a ciki.

Tiyo mai santsin ciki, daidai da bakin kowane famfo, da maɗaurai na ƙarfen da ba ya tsatsa, biyu a kowane baki. In a teku kake, nemi mai lamba 316.

Bututun fitar ruwa da ake dasawa a jikin jirgi, guda biyu.

Wayar jan ƙarfe mai silli da yawa, ja da baƙa, mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da mai kaurin 4. Wadda aka yi wa rufin kuza ta fi, sillinta fari ne kamar azurfa.

Fis da gidansa mai murfi, makunnin hannu wanda ruwa ba ya shiga, da ƙaramar ƙararrawa ta folt 12.

Batir biyu in da hali, akwatin roba mai murfi na kowane, farantin sola na wat 30 zuwa 50 da kwanturolarsa ta amfiya 10.

Na aiki kuma: mitar gwajin wuta, dirila, filayar matse kan waya, sukudireba, sifana, gam mai jure ruwa, robar nan da ke tsukewa a kan waya in ta ji zafi, basilin, jarkar lita 20, bokiti, da agogo mai nuna daƙiƙa.

1. GANO INDA RUWA KE SHIGA, DA INDA YAKE KWANCIYA

Kafin ka kashe ko fam ɗaya, kwarfe jirgin tas, ka tsane shi da tsumma, ka zauna ka zuba ido. Duba toshiyar baya, ramukan kusoshin da suka riƙe inji, haɗin katako, wajen walda, da duk inda aka taɓa yin faci. Abin da za a iya toshewa a toshe shi. Famfon da ke tashi kullum don ya rufa wa ɓula asiri batir kawai yake cinyewa, ranar da ake bukatarsa kuma a tarar babu wuta.

Sannan loda jirgin kamar yadda kake fita da shi, da mai da taru da mutane, ka zuba bokiti biyu na ruwa a ciki ka ga inda zai gangara. Nan ne mazaunin famfo. Ka lura ko akwai katangun ciki da ke tsare ruwa a gaba. In ƙananan hudojin da ke ƙarƙashinsu sun toshe da laka, buɗe su, domin famfo ba ya ɗaukar ruwan da bai iso gare shi ba. A wannan lodin kuma ka ja alama da alli a waje, daidai inda ruwan kogi ko teku ya tsaya a jikin jirgin. Za ka bukaci alamar a mataki na 4.

2. KARANTA LAMBAR FAMFO KAFIN KA ZAƁI GIRMA

Lambar da ke jikin famfo, 500 ko 800 ko 1100 ko 2000, galan ce ta Amurka a awa ɗaya, kowane galan kuwa lita 3.8 ne saura kaɗan. Wato mai 500 kimanin lita 1,900 a awa, mai 1100 kimanin lita 4,150, mai 2000 kimanin lita 7,550. Amma an auna wannan ne ba tiyo, ba hawa, da wutar da ta kai folt 13.6, irin ta lokacin da inji ke caji. Da ka sa masa tiyo mita 2 ko 3, ya ɗaga ruwa sama mita 1, batir ya sauka zuwa folt 12, abin da zai ba ka bai wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na lambar ba. Ni da rabi nake lissafi.

Yanzu kwatanta da yadda ruwa ke shigowa. Huda mai faɗin milimita 25, kamar ramin toshiyar baya, in tana santimita 30 ƙarƙashin ruwa, tana shigo da lita 45 zuwa 70 a minti, gwargwadon yanayin bakinta. Famfo mai 1100 a aikinsa na zahiri lita 35 zuwa 40 yake fitarwa a minti. Ka ga ke nan toshiya ɗaya da ta faɗi ta fi ƙarfinsa. In faɗin hudar ya ninka zuwa milimita 50, irin wadda dutsen murjani ko kututturen da ke ɓoye a ruwa kan yi, ruwan sau huɗu zai ninka. Kuma duk lokacin da jirgi ya ƙara nitsa, hudar na ƙara zurfi, ruwan na ƙara ƙarfi. Aikin famfo a irin wannan hali shi ne ya ba ka lokacin toshe hudar ko isa gaɓa.

Shi ya sa nake cewa famfo biyu. Ƙarami, mai 500 ko 800, yana can ƙasa yana kwashe ruwan yau da kullum, na sama da na fantsamar igiyar ruwa da na narkewar ƙanƙarar kifi, da wuta kaɗan, kimanin amfiya 2 zuwa 3. Babba yana sama da shi, a bushe, yana jiran mummunar rana. Ga jirgin mita 4 zuwa 6, babban ya zama mai 1100. Daga mita 6 zuwa 8, mai 2000. Wanda ya wuce haka, ko mai ɗaukar fasinja, mai 3700 ko kuma biyu masu 2000. In kuɗinka na famfo ɗaya ne, sayi babban, ka bar wa bokiti aikin yau da kullum.

Famfunan lantarki iri biyu ne. Mai farfela a ciki, wanda ke zama cikin ruwa, shi ke kwashe ruwa da yawa kuma ya fi araha, sai dai ba ya tsotso, kuma yakan bar ɗan ruwa santimita 2 ko 3. Mai tantani ana ɗaura shi a sama ya tsotso ta tiyo, yana tsane kwari, amma a hankali yake, kuma ɓawon kifi ɗaya in ya maƙale a bawul ɗinsa ya isa ya tsayar da shi. Don ceton jirgi, mai farfela. Sunayen da aka sani su ne Rule, Attwood, Johnson Pump, Whale da Seaflo. Kowanne ka samu, juya shi a hannunka: gindinsa mai rariya ya zama ana ɓalle shi ba tare da sukudireba ba, kuma inda waya ta shiga jikinsa ya zama a liƙe sosai. In injinka na fetur ne, nemi wanda aka buga wa ISO 8846, shaidar cewa ba ya fitar da tartsatsin da zai kama tururin mai.

3. ZAUNAR DA SU

Ɓalle gindin ƙaramin famfo ka kafa shi a mafi zurfin wuri. Kada ka huda ƙasan jirgi da kusa. Manna wani ɗan allo na roba mai kauri ko na faiba da gam, sannan ka ɗaura gindin a kansa. In wurin ya yi zurfi hannu ba ya kaiwa, ɗaura famfon da awwamarsa a ƙarshen wani faffaɗan ƙarfe mai lanƙwasa, ka ɗaure saman ƙarfen inda kake iya kwancewa, don ka riƙa zaro su gaba ɗaya.

Awwama ta zauna dab da famfo, a miƙe, ta ɗara gindinsa tsayi kaɗan. In ta yi ƙasa da shi ba za ta taɓa kashewa ba, famfo ya yi ta juyawa a iska har batir ya mutu. Inda take lanƙwasawa ya fuskanci goshin jirgi, domin ruwan da ke gudu baya in an taka inji kada ya riƙa ɗaga ta a banza. Ka rufe ta da keji ko ragar roba. A jirgin su, abin da ya fi kashe awwama shi ne zaren ƙugiya, guntun taru, ɓawon kifi da leda. A Farin Nilu a ƙara da ciyawar ruwa, a Shuɗin Nilu kuwa laka ce ta ambaliyar Agusta da Satumba, wadda in ta bushe a ƙarƙashin awwama sai ta liƙe ta.

Babban famfo da awwamarsa su zauna santimita 8 zuwa 15 sama da ƙaramin. Haɗa ƙararrawa da wannan awwama ta sama, ta yadda duk sanda babban ya tashi za ka ji. Mai tuƙi da ƙarar inji a kunnensa ba ya sanin ruwa ya taru ƙarƙashin daɓe sai jirgi ya fara nauyi a hannu.

4. TIYO DA MAFITA

A nan ake asarar ruwa mafi yawa, a nan kuma gyara ya fi araha. Masu 500 da 800 yawanci bakin milimita 19 gare su, masu 1100 zuwa 2000 milimita 28 ko 29, mai 3700 milimita 38. Kada ka rage girman tiyo don wanda ke hannunka ya shiga. Babban famfo a kan tiyon milimita 19 ya koma ƙarami, kuɗinka kuma ya tafi.

Guji tiyo mai gwatso-gwatso a ciki, irin na injin wanki. Kowane tudu na cikinsa birki ne ga ruwa. Guji kuma laushin tiyon ban-ruwan lambu, domin zafin Bur Sudan ko Kosti zai sa ya lotse a kwana ya tsuke. Nemi mai santsin ciki, mai zare ko ƙarfe a jikinsa. Ja shi ta hanya mafi gajarta, ba kwana mai kaifi, kuma ya riƙa hawa ne kawai. In ya hau ya sauka ya sake hawa, ruwa zai kwanta a lotsawar, iska ta maƙale tsakaninsa da famfo, sai ka ji famfo na kuka amma ba abin da ke fita.

Mafita ta zama aƙalla santimita 25 zuwa 30 sama da alamar allin nan, a gefe ta wajen baya. Kada ka sa ta ƙasa a allon da inji ke rataye, domin in ka tsaya ba zato igiyar bayanka tana haurowa har can. In gefen jirginka gajere ne, sa tiyon ya fara hawa har ƙarƙashin leɓen jirgi kafin ya sauko zuwa mafita. In ba haka ba, ranar da lodi ya danne mafitar cikin ruwa, tiyon da kansa zai janyo kogi zuwa ciki.

Kowane famfo da nasa tiyo da tasa mafita. In ka haɗa biyu a kan ɗaya, babban zai tura ruwa ta cikin ƙaramin ya dawo kwari.

Akwai wani abu da zai ba ka haushi: famfo ya tsaya, ruwan cikin tiyo ya gangaro, awwama ta sake ɗagawa, haka dai har safe. Mita 3 na tiyon milimita 28 na riƙe da kusan lita 2, na milimita 19 kuwa bai kai lita 1 ba, wannan ma wani dalili ne na sa ƙaramin a ƙasa. Da yawa sukan sa bawul mai hana ruwa komawa. Ban yarda da shi a kan babban famfo ba ko kusa, domin yana rage gudun ruwa, gishiri da laka kuma na liƙe shi a rufe. Gara ka gajarta tiyo ko ka ɗan ɗaga awwama.

5. WAYA DA FIS

Babban famfo a kan siririyar waya kamar a sayi ingarma ne a riƙa ba shi abincin akuya. Ƙa'idar ita ce kada wuta ta ragu a hanya fiye da kashi 3 cikin 100, wato folt 0.36. Lissafin: 0.0175 sau tsawon waya zuwa da dawowa a mita, sau amfiya, a raba da kaurin waya. Famfo mai 2000 yana jan kimanin amfiya 8. In tsakaninsa da batir mita 4 ne, zuwa da dawowa mita 8. Da waya mai kaurin 2.5 za ka yi asarar folt 0.45, ya yi yawa. Da mai kaurin 4, folt 0.28, ya yi. Ƙaramin famfo da mai 1100, a wannan nisa, 1.5 ta ishe su. Wayar gini mai silli ɗaya ba ta shiga jirgi, girgizar inji ke karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani.

Haɗin kowane famfo ga yadda yake. Daga jan kan batir zuwa fis, kuma fis ɗin kada ya yi nisan da ya wuce santimita 18 daga batir. Bayan fis waya ta rabu biyu: ɗaya ta bi ta awwama, ɗaya ta bi ta makunnin hannu, su sake haɗuwa a wayar wutar famfo, wadda a yawancinsu ruwan ƙasa ce. Baƙar wayar famfo ta koma baƙin kan batir kai tsaye. Da wannan tsari awwama na da wuta dare da rana, ko ka kashe babban makunnin jirgi ka tafi gida. Akwai makunni mai matsayi uku da ake sayarwa, wanda tsakiyarsa kashewa ce, amma wanda ya manta shi a tsakiya ya bar jirginsa ba mai gadi, shi ya sa na fi son wancan tsarin.

Kurakurai huɗu ne ke yawan faruwa a nan. Na farko, juya wayoyi. Famfo mai farfela zai juya ko an juya masa su, sai dai baibai, ya fitar da ɗan ruwa, mai shi ya ɗauka lafiya lau. Na biyu, fis da ya fi ƙarfi, ko a naɗa sillin waya a madadinsa. Sa lambar da aka rubuta a jikin famfo, yawanci amfiya 3 ga mai 500, 5 ko 6 ga mai 1100, 15 ga mai 2000. In zare ya naɗe farfela, fis na daidai zai tsinke, wanda ya fi ƙarfi kuwa zai bar famfon ya yi ta zafi har ya narke, kusa da tankin mai. Na uku, murɗa waya a naɗe da baƙin tef a bar ta a kwari. Matse haɗin da filaya, rufe da robar tsukewa, ɗaure shi can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Gishirin Bahar Maliya ya kai giram 40 a lita, sama da 35 na yawancin tekuna, kuma yana bin sillin waya ya mayar da shi kore. Na huɗu na masu jirgin ƙarfe ne: kada ka mai da jikin jirgi baƙar waya kamar yadda ake yi a mota. Wutar da ke bi ta jiki tana cin ƙarfen, har ta huda shi.

6. BATIR

Lissafa bukatarka tukuna. Ƙaramin famfo da ke aiki minti 5 a kowace awa ya yi awa 2 a yini, amfiya-awa 4 zuwa 6. Babban, in ya yi awa 4 ba tsayawa a kan amfiya 8, ya ci 32. Batirin dalma kuwa rabin lambarsa kawai ake ci in ana so ya daɗe. Saboda haka mai lamba 70, wato amfiya-awa 70, shi ne mafi ƙanƙanta ga babban famfo, mai 100 ya fi kwanciyar rai.

Batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na 'yan daƙiƙu a sake cika shi nan take. In ana zuƙe shi har ƙasa, ba ya jimawa. Irin na sola, mai jure zuƙa, shi ya dace da ƙaramin famfo da fitilu da cajin waya. Na biyun shi ne na ko-ta-kwana, ba abin da ke kansa sai babban famfo da ƙararrawa. Kada wani ya yi cajin waya a kansa, ko sau ɗaya. In injinka da makulli ake tayar da shi, batirin tayarwa ma kada famfon yau da kullum ya hau kansa, domin gara ruwa a ƙafa da inji mai tashi. Kada kuma ka haɗa tsohon batir da sabo kai da kai ka bar su, tsohon zai riƙa shanye sabon.

Batir ya zauna a akwati, a ɗaure da igiya ko bel, a sama gwargwadon hali, a inuwa, nesa da tankin mai. Wanda aka ajiye a kwari shi ne farkon abin da ruwa zai rufe. Akwatin ya sami 'yar kafar iska a sama, domin batir na fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji. Zafi ma maƙiyinsa ne: duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kwanansa kusan rabi, ƙasarmu kuwa ta saba wuce 40. In mai murafu ne, duba ruwansa kowane mako biyu lokacin zafi, ka ƙara ruwan batir tsantsa, ba na kogi ba, ba asid ba. Goge kawunansa, ɗaure da sifana, shafa basilin.

Gwada shi da mita bayan ya huta 'yan awanni ba caji ba aiki. Folt 12.6 zuwa 12.7, cike yake. 12.4, saura kashi uku cikin huɗu. 12.2, rabi. 12.0 ko ƙasa, kada ka fita da shi. Batirin litiyam ya fi sauƙin ɗauka kuma ana cin kusan duk abin da ke cikinsa, sai dai na'urar da ke kula da shi a ciki na yanke wuta ɗif ba gargaɗi, kuma bai kamata a haɗa shi kai tsaye da cajin ƙaramin inji ba.

7. CAJI

Ƙananan injuna masu igiyar ja, kamar na doki 15 zuwa 40, da yawansu na da koyil na fitila da ke ba da amfiya 5 ko 6 a cikakken gudu, kusan babu komai in ana tafiya a hankali. Wutarsa ba ta shiga batir sai ta bi ta rektifaya, na'urar da ke mai da ita irin wutar batir. Sa makaniki ya ɗaura wadda ke da mai daidaita wuta a ciki. Bayan an ɗaura, taka inji ka gwada a kan batir: folt 13.8 zuwa 14.4 daidai ne. In ka ga 15 ko sama, batirin dafuwa yake yi.

Ga jirgin da ke kwana a ruwa, sola ce magani. Farantin wat 50 na ba da amfiya 3 saura kaɗan a tsakar rana, a yini kimanin amfiya-awa 12 zuwa 15, ya ninka abin da ƙaramin famfo ke ci. Haɗa batir da kwanturola tukuna, sannan faranti. In za ka kwance, faranti ne farko. Famfo kuwa a kan batir yake, kada ka sa shi a bakin kaya na kwanturola, domin tana yanke wannan baki da kanta in wuta ta yi ƙasa, daidai lokacin da kake so famfo ya yi ta aiki ko da batir zai mutu. Goge ƙura bayan kowace habub, wato guguwar ƙura, kuma kada a shanya taru a kansa, inuwar ɓangare ɗaya na zubar da wutar duka farantin. Don cika batir biyu daga inji ɗaya, akwai rilen da ke haɗa su in caji ya kai kimanin folt 13.3, ya raba su in ya sauka. In ba ka samu ba, ɗauki na ko-ta-kwanan ka kai caji kowane mako biyu.

8. GWAJI

Toshe baya, zuba ruwa da bokiti har ƙaramar awwama ta ɗaga da kanta. Ɗaga ta da yatsa ba gwaji ba ne. Tara jarkar lita 20 a mafita ka duba agogo. Mai 500 ya cika ta cikin minti 1 ko da ɗan ɗori, mai 1100 cikin daƙiƙa 30 zuwa 35, mai 2000 cikin 15 zuwa 20. Cire fis ɗin ƙaramin, ci gaba da zubawa har babban ya tashi ka ji ƙararrawa, sannan ka mayar da fis ɗin nan take.

In lokacin ya zarce haka sosai, sa mita a haɗin da ya fi kusa da famfo yana cikin aiki, ka kwatanta da na kan batir. Bambancin da ya wuce rabin folt laifin waya ne ko wani haɗi. In wuta daidai take, bi tiyo ka nemi tsukewa, sannan ka buɗe gindi ka duba farfela. Rubuta daƙiƙun da ka samu a cikin murfin akwatin batir, su za ka riƙa kwatantawa da su kowane wata.

9. IN WANI ABU YA GAGARA SAMUWA

Tun da aka shiga yaƙi a 2023 kaya ba sa samuwa yadda ake so, don haka a san madadi. In babu awwama, sa makunnin hannu kawai, amma kada jirgin ya kwana a ruwa da damina ba mai duba shi. In babu waya mai rufin kuza, yi amfani da ta mota mai silli da yawa, ka liƙe bakunanta da kyau, ka sa ran canza ta in ta fara kore. In babu mai kaurin 4, ja biyu masu 2.5 tare. Batirin babur mai lamba 7 zai riƙe ƙaramin famfo awa 1 da rabi zuwa 2, amma bai isa ya ɗauki babba ba. Ga manyan jiragen fito, injin ban-ruwa na fetur mai bakin inci 2, irin na manoman bakin Nilu, yana kwashe kusan lita 500 a minti, ya fi duk famfunan batir ɗin nan. Sai an cika cikinsa da ruwa kafin ya ja, a kuma tayar da shi a sarari saboda hayaƙi.

Ko da komai ya samu, bokiti biyu masu ƙarfin mariƙi su zauna a jirgi, a ɗaure da igiya, tare da jarkar da aka yanke wa gindi don kwarfe kusurwa. Bokitin lita 10 sau 10 a minti lita 100 ne, ya fi mai 1100 nesa, illa dai mutum na gajiya. Kusa da toshiyar baya ka rataye wata toshiyar, da turaku biyu ko uku na itace mai laushi da aka fiƙe, da tsumma da guntun tub na taya. In ruwa ya ɓalle, Allah ya kiyaye, mutum ɗaya ya kunna famfunan ya kama bokiti, ɗaya ya nemi hudar, sauran su koma ɓangaren da zai ɗaga ta sama, mai tuƙi ya nufi gaɓa mafi kusa, kuma kada a kashe inji.

10. KULAWA

Kafin kowace fita, danna makunnin hannu na kowane famfo ka ji kukansa, ka ɗaga kowace awwama. Bayan an sauke kifi, kwashe ɓawo da zare da hannu kafin ka wanke jirgi, kada ka kora su kwari. Kowane wata, ɓalle famfunan daga gindinsu, zare abin da ya naɗe a bayan farfela, juya ta da yatsa ka ji ko tana tafiya sumul, ka maimaita gwajin jarka. Masu teku su zuba ruwan daɗi bokiti ɗaya a kwari bayan aiki su bar famfo ya fitar da shi, don gishiri kada ya daskare a ciki. A gaɓar Bahar Maliya ruwan sama na hunturu ne, saboda haka babban dubansu a Oktoba ya kamata ya zama, na masu Nilu kuwa a Yuni.

In ka ji warin fetur a kwari, kada ka taɓa kowane makunni, kada ka cire kan batir. Buɗe daɓe, kwarfe da roba, tsane da tsumma, bar iska ta ratsa har warin ya gushe, sannan ka bi tiyon mai daga tanki zuwa inji ka nemo inda yake yoyo.